Wata ashirin a soja, kuskure huɗu a takarda: yadda ake gyara kundin sojan Amurka da aka sallama kafin wa'adi

Duk wanda ya bar aikin soja a Amurka yana fita da takarda guda mai suna DD 214. Ita ce shaidar aikinsa har ƙarshen rayuwa. Ita Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, take dubawa kafin ta ba shi magani ko kuɗin karatu, ita mai ɗaukar aiki yake nema, ita kuma hukumar shige da fice take karantawa idan baƙo ne mai neman zama ɗan ƙasa. Wanda ya cika wa'adinsa lami lafiya ba kasafai yake sake waiwayarta ba. Wanda aka sallama kafin lokaci kuwa, 'yan haruffan da ke ƙasan takardar su ne ke yanke masa abin da zai samu da abin da zai rasa.

Lamarin da za a bi a nan samfuri ne na irin ƙorafin da ke zuwa gaban hukumomin gyaran kundi, ba labarin wani mutum mai suna ba. Matashi ne haifaffen Afirka ta Yamma, mai katin zama na dindindin a Amurka, wanda doka ta ba irinsa damar shiga soja tun kafin ya zama ɗan ƙasa. Ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu da rundunar ƙasa. Ya yi wata biyar a horon kurata da koyon sana'ar soja, aka tura shi bataliya. A wata na goma sha ɗaya bayansa ya riƙe a tattakin atisaye da jakar goyo mai nauyi, hoton MRI ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugunsa ya zame yana danne jijiya. Aka yi ta sabunta masa takardar sassaucin aiki ta wucin gadi. A wata na ashirin kwamandansa ya sallame shi.

Abin da takardar ta ce

DD 214 tana da kwafi fiye da ɗaya, kuma tun daga nan mutane suke ruɗewa. A bugun takardar da aka ba wannan soja, gajeren kwafin, mai lamba 1, ba ya nuna dalilin sallama. Dogon kwafin, mai lamba 4, shi ne ke ɗauke da gurbi na 23 zuwa na 29, inda maganar take. A takardar wannan soja an sami abu huɗu.

Gurbi na 5, ranar haihuwa: an rubuta 7 ga Maris, alhali 3 ga Yuli aka haife shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasarsu ana fara rubuta rana kafin wata, Amurkawa kuma wata suke farawa da shi, sai 03/07 ta juye tun a teburin mai ɗaukar kurata.

Gurbi na 29, kwanakin da suka faɗi: an sa masa kwana tara na ƙaurace wa aiki ba izini. A waɗannan kwanakin yana hutun jinya ne da likita ya rubuta masa bayan allurar ƙashin baya, amma ofishin rukunin sojan da yake ciki ya cike fom DA 4187 cewa ba a gan shi ba, kuma ba wanda ya koma ya soke.

Gurbi na 24, martabar aiki: an buga "General", wato sallamar da ke ƙasa da "Honorable" da mataki ɗaya, wadda ita ce martaba mafi girma.

Gurbi na 25, 26 da 28: hurumin sallama shi ne ƙa'idar rundunar ƙasa mai lamba AR 635-200 sakin layi na 5-17, wanda a bugun 2021 ya koma 5-14, lambar sallama JFV, dalili kuma larura ce wadda ba nakasa ba. Gurbi na 27 ya nuna RE-3, ma'ana ba zai sake shiga soja ba sai da izini na musamman.

Nawa ne asarar

Tallafin karatu na tsofaffin sojojin bayan 11 ga Satumba, 2001 sai mai "Honorable" yake samu. Mai "General" ba ya samun ko sisi. Ko an ɗaga martabar tasa, lissafin yana tafiya ne mataki-mataki: kwana 90 zuwa wata 6 kashi 50 cikin ɗari, wata 6 zuwa 18 kashi 60, wata 18 zuwa 24 kashi 70, har zuwa wata 36 da ke ba da cikakke. Wanda bai kai wata 24 ba ana cire masa lokacin horon farko. Wata 20 a debe 5, saura 15, kashi 60 ke nan. Amma wanda ya yi kwana 30 a jere aka sallame shi saboda nakasar da ya samu a bakin aiki, kashi 100 yake samu. Tsakanin JFV da sallamar nakasa akwai kashi 40 na kuɗin jami'a da na haya.

Sai dokar wata 24. Wanda ya shiga soja bayan 7 ga Satumba, 1980 dole ne ya yi wata 24 a jere, ko ya cika wa'adin da aka kira shi, kafin ya cancanci yawancin hidimomin VA, har da asibiti. Akwai togiya ga wanda aka sallama don nakasa da wanda VA da kanta ta tabbatar cewa aiki ne ya nakasa shi. Sojan nan saura wata huɗu ya kai, kuma takardarsa ta ce ba nakasa ba ce.

Akwai wata magana da ake yaɗawa a barikoki, cewa "General" takan koma "Honorable" da kanta bayan wata shida. Ba ta da tushe ko kaɗan. Ba a taɓa yin irin wannan doka ba, kuma ta sa mutane da yawa sun sa hannu a takardun sallama ba musu.

Tattara takardu kafin a rubuta ko kalma ɗaya

Hukumomin gyara suna aiki da ƙa'ida guda mai nauyi: ana ɗauka cewa jami'an gwamnati sun yi aikinsu daidai har sai mai ƙorafi ya kawo hujjar da ta rinjayi wannan zato. Ba sa fita bincike, ba sa kiran shaidu don su cike wa mutum giɓi. Abin da ya ajiye a gabansu da abin da ke kundinsa, shi ke nan.

Saboda haka matakin farko shi ne neman kundin aiki cikakke, ta shafin milConnect ko da fom SF 180. Tsofaffin kundaye suna Cibiyar Adana Kundin Ma'aikata ta Ƙasa a St. Louis, jihar Missouri, inda gobarar 12 ga Yuli, 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, akasari na rundunar ƙasa daga 1912 zuwa 1960. Wannan gobara ba ta shafi sojan zamanin nan ba, kundinsa yana kwamfuta. Matsalarsa daban ce: abin da ofishin bataliya bai ɗora ba, babu shi. Takardun gargaɗi na DA 4856, takardar hutu DA 31, da takardun sassaucin aiki DA 3349 sukan tsaya a aljihun teburin saje, bayan shekara biyu kuma an yi canjin ma'aikata an zubar. Wanda ya fita da kwafinsu a jaka ya riga ya yi rabin aikin.

A wannan lamari takardu biyar ne suke ɗauke da nauyin ƙarar: takardar hutun jinya mai sa hannun likita da ranaku, takardun albashi na watannin biyu da ke nuna an yanke masa kuɗin kwana tara, rahoton MRI, jerin takardun sassaucin aiki, da wasiƙar da kwamanda ya ba shi ta sanarwar niyyar sallama. Ta ƙarshen nan ita ce mutane suka fi raina wa, ita ce kuma ta fi amfani.

Ƙofa uku ake bi wajen gyaran kundi, amma kafin a je ko ɗaya, a shigar da buƙatar diyyar nakasa a VA da fom 21-526EZ. Idan an shigar cikin shekara guda da sallama, biyan yana komawa baya zuwa washegarin ranar fita. Wannan ba ya jiran gyaran kundi, kuma "General" ba ta hana shi.

Ƙofa ta farko: kuskuren alƙalami

Ranar haihuwa ba ta buƙatar kwamiti. Ana aika kwafin takardar haihuwa, fasfo da katin zama zuwa Hukumar Kula da Ma'aikata ta rundunar ƙasa da ke Fort Knox, jihar Kentucky, a nemi gyara. Sukan fitar da DD 215, wadda ƙari ce da ake haɗawa da ta asali, ko su sake buga DD 214 sabuwa. Haka ake yi da sunan da aka rubuta Mohammed a nan Muhammad a can, ko lambar yabon da aka manta a gurbi na 13.

Ga baƙo wannan ƙaramin gyara yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Sashe na 329 na dokar shige da fice ya ba wanda ya yi aikin soja daga 11 ga Satumba, 2001 damar neman zama ɗan ƙasa da fom N-400 ba tare da biyan kuɗi ba, kuma "Honorable" da "General" duka suna wucewa. Amma idan ranar haihuwar DD 214 ta saɓa da ta katin zama, fayil ɗin zai tsaya har sai an warware. Wanda kuma ya riga ya zama ɗan ƙasa ta wannan hanya, idan aka sallame shi da martabar da ta gaza waɗannan biyun kafin ya cika shekara biyar na aiki mai kyau, doka ta ba da damar a ƙwace.

Kwana taran nan sun fi kama da kuskuren alƙalami, amma ba shi ba ne. DD 214 ta kwafo abin da DA 4187 ta ce daidai. Kuskuren yana can ƙasa, cikin kundi, don haka magatakarda ba shi da ikon share shi. Sai a ƙofa ta uku.

Ƙofa ta biyu: kwamitin sake duba sallama

Wannan kwamiti ya samo asali ne daga dokar tsofaffin sojoji ta 1944, yanzu yana sashe na 1553 na kundi mai lamba 10 na dokokin tarayyar Amurka. Fom ɗinsa DD 293. Wa'adinsa shekara 15 daga ranar sallama, kuma ba a ɗaga shi ga kowa. Yana iya canja martaba, dalili da lambar komawa aiki. Ba ya taɓa sallamar da babbar kotun soja ta yanke, ba ya kuma iya mayar da sallama ta koma ta nakasa.

Tambaya biyu yake yi: an bi ƙa'ida, kuma an yi adalci? Masu ƙorafi sun fi zuba ƙarfinsu a ta biyu, su cika shafi uku da yadda saje ya tsane su. Ta farkon ce ke cin ƙara idan akwai ta. Babi na 5 na AR 635-200 ya ce ba za a ba soja "General" a ƙarƙashin wannan babi ba sai an sanar da shi a rubuce takamaiman abubuwan da ke kundinsa da suka jawo hakan. A wasiƙar kwamandan wannan soja an ambaci ciwon baya kawai, ba a ce uffan kan dalilin rage martaba ba. Hujjar ba ta wuce sakin layi ɗaya ba: ga ƙa'idar da ke aiki a ranar, ga wasiƙar, ga abin da babu a cikinta. Sannan a ƙara da cewa abu ɗaya tilo da ke iya zama tabo a kundinsa shi ne kwana tara, ga kuma takardar likita.

Ƙa'idar ranar sallama ake kawowa, ba ta yau ba. Lambobin sakin layi suna canjawa daga bugu zuwa bugu, kuma wanda ya kawo 5-14 kan sallamar da aka yi a zamanin 5-17 ya buɗe wa kansa gardamar da ba ta da amfani.

Mutum yana da dama biyu a nan. Ya fara neman a duba takardu kawai. Idan an ƙi, ya nemi bayyana da kansa, muddin shekara 15 ba ta cika ba. Wanda ya fara da bayyana ya ƙone damar farko a banza.

Ƙofa ta uku: hukumar gyaran kundin soja

Kafin 1946, wanda aka zalunta a kundinsa sai ya nemi ɗan majalisa ya kai ƙudiri na musamman da sunansa. Majalisa ta gaji da wannan, ta kafa hukumomin farar hula a kowace runduna. Suna sashe na 1552, fom ɗinsu DD 149. Ta rundunar ƙasa tana Arlington, jihar Virginia. Sojan ruwa da na kundumbala hukuma ɗaya suke da ita, sojan sama da tasu. Aƙalla mutum uku suke zama kan kowace ƙara, kuma ikonsu ya kai su gyara kusan komai don kawar da kuskure ko zalunci.

Wa'adi shekara uku ne daga ranar da aka gano kuskuren. Hukumar tana iya yafe jinkiri idan adalci ya buƙata, kuma takan yafe, amma dogaro da wannan ganganci ne. Kada a zauna jiran kwamitin sake duba sallama ya gama kafin a shigar da maganar nakasa, domin shi ba shi da hurumi a kanta, agogonta yana tafiya.

Abin da ake nema dole ya fito fili. "A yi mini adalci" ba buƙata ba ce. A rubuta: a soke DA 4187 mai kwanan wata kaza, a share gurbi na 29, a mayar da albashin kwana tara, a gyara jimillar aiki a gurbi na 12c, sannan a gyara kundi ya nuna an tura shi tsarin tantance nakasa.

Wannan ta ƙarshe ita ce mai wuya. Sakin layi na 5-17 an yi shi ne don larurorin da ke hana aiki amma ba su kai nakasa ba, irin su tafiya cikin barci, fitsarin kwance, amai a jirgi da ba ya jin magani, da tsoron matsattsen wuri. Zamewar guringuntsin baya mai danne jijiya ba ya cikin wannan sahu. Yana cikin cututtukan da ma'aunin lafiyar ci gaba da aiki na AR 40-501 ya yi magana a kansu, kuma idan magani bai maido da soja bakin aikinsa ba, hanyarsa ita ce kwamitin likitoci, daga nan kwamitin tantance ko ya dace da aiki. Wannan hanya tana cin watanni, kuma muddin sojan yana cikinta gurbinsa a bataliya a cike yake da mutumin da ba ya iya ɗaukar kaya. Sallamar gudanarwa kuwa makonni ne. Kowa ya san wadda kwamandan da ke shirin tafiya fagen daga zai fi so. An ga irin wannan a fili a shekarun yaƙin Iraƙi da Afganistan, lokacin da aka sallami sojoji sama da 31,000 tsakanin 2001 da 2010 da sunan matsalar ɗabi'a ta asali, har Ofishin Binciken Ayyukan Gwamnati ya fitar da rahoto a 2008 cewa ba a bin matakan da ƙa'ida ta gindaya.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan ƙara shi ne a ɗauko takardar VA mai cewa nakasa kashi 40, a manna, a zauna jiran nasara. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. VA tana auna duk ciwon da aiki ya jawo, kuma tana iya ƙara ma'aunin bayan shekaru. Runduna kuwa abu ɗaya take tambaya: a ranar sallama, ciwon ya hana shi aikin muƙaminsa da sana'arsa? Hukumar tana da amsar da ta saba bayarwa kan wannan bambanci, kuma daidai take faɗa. Abin da ke karya amsar shi ne takardun lokacin. Wata tara a jere yana kan sassauci, an hana shi gudu da ɗaukar kaya da sa rigar sulke. Bai yi gwajin ƙarfin jiki ba a duk tsawon lokacin. Sannan ga wasiƙar kwamandan kansa, wadda ta ce ciwon bayan ya hana shi aiki. Runduna ba za ta ce ciwo ya hana shi aiki har a kore shi ba, ta dawo ta ce bai hana shi aiki ba don kada a biya shi. Idan an sami likita mai zaman kansa, a ba shi fayil ɗin jinya na soja da shafin ma'aunin, ya rubuta ra'ayinsa kan halin da sojan yake ciki a wancan lokaci. Wasiƙar da ke bayyana ciwon yau kaɗai ba ta ƙara komai.

Idan runduna ta ce ai da ciwonsa ya shigo, nauyin hujja yana kanta. Sojan da ya wuce kwana 30 a aiki, kuma ba a rubuta ciwon a gwajin shigarsa ba, ana ɗaukarsa lafiyayye ya shigo, sai an kawo hujja bayyananniya cewa ciwon ya riga aiki kuma aikin bai tsananta shi ba. Shi ya sa rahoton gwajin shiga, DD 2808, yake cikin abubuwan da ake haɗawa.

Da lamarin ya haɗa da taɓin ƙwaƙwalwa bayan tashin hankali, rauni a ka, ko cin zarafi, da an kawo umarnin da sakataren tsaro Hagel ya bayar a 2014 da na Kurta, wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, na 2017, waɗanda suka ce a sassauta wajen karɓar hujja. Ciwon baya zalla ba ya cikinsu.

Bayan an aika

Shigar da ƙara kyauta ne, kuma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da American Legion da asibitocin shari'a na jami'o'i suna wakiltar mutane ba kuɗi. Doka ta ce hukumar ta gama kashi 90 na ƙararraki cikin wata 10, dukkansu cikin wata 18, sai dai masu maganar likita sukan zarce haka. A tsakiyar jiran hukumar takan nemi ra'ayin likitanta, ta aiko wa mai ƙorafi kwafi, yawanci da kwana 30 ya mayar da martani. Wannan wasiƙa ita ce ake rasawa idan an canja gida ba a sanar ba, kuma ra'ayin da ba a musa ba kusan shi ne ke zama hukunci.

A ƙara irin wannan, hukumar ba kasafai take yanke kason nakasa da kanta ba. Takan ba da rabin abin da aka nema: ta share kwana tara, ta tura fayil ofishin babban likitan runduna ya duba ko ya kamata a ce an sa shi a tsarin tantancewa. Idan aka ce ya kamata, aka kuma same shi bai dace da aiki ba, lamba 30 ce ke raba hanya. Ƙasa da kashi 30, kuɗin sallama ne a dunƙule: albashin asali na wata biyu sau shekarun aiki, kuma ana lissafa aƙalla shekara uku, wato albashin wata shida ga wannan soja. VA za ta riƙa cire wannan kuɗi daga diyyarsa har ya ƙare, tunda ba a fagen yaƙi ya ji ciwon ba. Kashi 30 zuwa sama kuwa ritayar nakasa ce, da fansho da inshorar lafiya ta TRICARE ga shi da iyalinsa. Ko wacce aka samu, dalilin da ke gurbi na 28 ya canja, tallafin karatu ya tashi zuwa kashi 100.

Idan an ƙi, ana iya neman sake dubawa da sabuwar hujja, ko a tafi kotu. Ƙarar neman kuɗi tana zuwa Kotun Da'awar Tarayya a Washington, kuma wa'adinta shekara shida ne. A maganar albashin da aka hana, shekara shidan tana farawa daga ranar sallama, zuwa hukumar gyara ba ya tsayar da ita. A maganar ritayar nakasa kuwa, yawanci tana farawa ne daga ranar da kwamitin farko mai hurumi ya yanke hukunci ko ya ƙi saurara. Wanda ya kusa shekara biyar da fita ya nemi lauya tun kafin amsar hukumar ta iso.

Sabuwar DD 214 idan ta zo, a bi ta gurbi-gurbi da takardar hukunci a hannu, domin magatakardan da ya buga ta daga tsohon kundi yake kwafowa, kuma ranar haihuwar da aka gyara a Fort Knox tana iya dawowa 7 ga Maris. A kai wa VA kwafi da hannu ko ta shafinta, a sake neman tallafin karatu da fom 22-1990, a kuma aika wa ofishin biyan kuɗin soja takardun da ya nema kafin ya saki albashin kwana taran.